Yaro Ya Dawo Aji, Hankalinsa Yana Daji

Ina gaishe da mutanen Gusau, tun daga Sabon Gari har Tudun Wada da Damba. Ina gaishe da na Tsafe da 'Yandoto, da na Bungudu da Kwatarkwashi, da duk wanda muryar nan ta iske a gona, ko a shago, ko a bakin murhu. Yau zancen 'yan makaranta za mu yi, amma ba na jarrabawa ba, ba kuma na kuɗin makaranta ba. Zancen abin da ke cin yaro a rai ne, wanda ba a rubuta shi a katin sakamako.

Bari in fara da laifina, don kada wani malami ya ce gori na zo yi masa. Kafin in kama aikin rediyo na yi shekaru ina riƙe da alli. A wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba, an kawo mini wani yaro ɗan shekara goma sha biyu a tsakiyar zango, iyayensa sun taso daga ƙauye sun dawo gari. Yaro ne mai shiru-shiru. Wata rana ina tsakiyar darasi, wani babur ya wuce ta bayan taga, salansarsa ta buga ƙara, tau! Kafin in waiwayo yaron nan ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa. Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na ɗauka shaƙiyanci ne, na fito da shi na zuba masa bulala uku. Bai yi kuka ba, kallona kawai yake yi kamar bai san ni ba. Bayan kwana biyu mahaifiyarsa ta zo, ba ma don ƙara ba, ta ce: "Malam, ka yi haƙuri da yaron ga. Tun ran da aka shigo garinmu ba ya kwana. In ya ji babur, ko cikin ɗaki ne, sai ya nemi wurin ɓoyo." Har yau in na tuna bulalar nan uku sai in ji kunyar kaina. Yaron ya gaya mini ciwonsa da jikinsa, ni ne ban iya karantawa ba, ga shi kuwa ni ne malamin karatu.

Mu mutanen Zamfara ba sai an ba mu labarin abin da ya sami makarantunmu ba. Daren Juma'a 26 ga Fabrairun 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Ranar 2 ga Maris aka ga 'yan mata 279 a gidan gwamnati a Gusau, aka yi hamdala, aka ɗauki hotuna. Ranar 1 ga Satumban 2021 aka kwashi ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, aka rufe makarantun jiha, aka katse layukan waya, aka hana kasuwannin mako ci. A Afrilun 2022 aka ɗauki wasu ɗalibai mata na kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe. Ranar 22 ga Satumban 2023 aka fasa gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙasar Bungudu, wasunsu suka yi fiye da wata shida a hannun 'yan bindiga. Sai kuma Nuwamban 2025, cikin mako guda aka ɗauki 'yan mata 25 a Maga ta jihar Kebbi, aka kuma shiga makarantar St. Mary ta 'yan Katolika a Papiri, ƙaramar hukumar Agwara ta jihar Neja, ranar 21 ga wata, aka kora yara da malamai fiye da 200 cikin daji, har da 'yan firamare ƙanana. Ɗan bindiga bai tsaya tambayar makarantar ta gwamnati ce ko ta mishan ba, yaran nan masallaci suke zuwa ko coci.

Mun iya ƙidayar waɗanda aka sace da waɗanda aka sako. Ranar da aka ce an sako su, sai mu ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. To a wajen yaro ranar ce wata maganar take farawa. Kuma ba wanda aka tafi da shi kaɗai ba. Akwai yarinyar da ta ɓuya ƙarƙashin gado tana jin ana jan ƙawarta. Akwai ƙanen da aka sayar da gonar gidansu a gabansa don a haɗa kuɗin fansa. Akwai ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensu da daddare ba takalmi. Akwai ma ɗan cikin gari da bai taɓa ganin ɗan bindiga ba, amma ya ga hotunan gawawwaki a wayar yayansa, kullum kuma yana jin manya na hirar wanda aka ɗauka jiya a hanyar Funtuwa. Waɗannan duka suna zaune a aji, ba wanda ya ƙidaya su.

Da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa, hankalin mutanenmu sai ya tafi kan mai yawo a bola da tsummoki. Shi ya sa uba zai ce maka ɗansa ba mahaukaci ba ne, kada a ja masa bakin jini. Ba hauka ake nufi ba, Alhaji. Yadda jiki ke yin mura da zazzaɓi da karaya, kowanne da nauyinsa, haka rai ke yin damuwa da fargaba da firgici da baƙin cikin da ya ƙi wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara da matasa 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai na fama da wata matsala irin wannan. Lissafin duniya ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ba a taɓa jin harbi a bakin makaranta ba. Malam, in ajinka na da yara saba'in, goma ke nan, tun ba a sa namu halin a ma'auni ba.

Me ke faruwa a jikin yaron da ya firgita? Allah ya halicci ɗan'adam da wani abu kamar maigadi a cikin ƙwaƙwalwarsa. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa: zuciya ta hau bugawa, numfashi ya yi sama-sama, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa don gudu ko kokawa, ciki ya ɗaure. Rahama ce, ita ke ceton rai. In haɗari ya wuce maigadin ya koma ya zauna. Amma in razanar ta yi tsanani, ko ta yi ta maimaituwa, sai maigadin ya ƙi zama. Akuya ta taɓa ƙofa, ya buga ƙararrawa. Iska ta kaɗa kwano, ya buga. Kakanninmu sun riga likitoci ganin wannan da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To ƙwaƙwalwar da ke gadi dare da rana ba ta da sararin riƙe lissafi. Sai ka ga yarinyar da take zuwa ta uku a aji ta koma ta talatin, malamai na cewa ta fara wasa, ko ta fara kula samari.

Ruwa ba ya tsami banza, ga alamun da za a lura da su. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun yana shekara huɗu ya dawo yana yi yana da sha ɗaya. Wanda ke zabura cikin barci yana ihu. Wadda kullum kanta ke ciwo ko cikinta, an je asibiti an auna jini ba maleriya ba taifot. Wanda da shi ne gaba a ƙwallo, yanzu in an fita tara sai ya zauna a gindin bishiya shi kaɗai. Wanda ya zama mafaɗaci, abu kaɗan ya kai duka. Wannan na ƙarshe shi ya fi shan wahala a hannunmu, don mai shiru yakan samu tausayi, mai faɗa kuwa bulala yake samu, alhali sau da yawa ciwonsu ɗaya.

Yanzu bari in juya ga makarantun mishan, musamman na Katolika, don wasu masu sauraronmu can 'ya'yansu suke, Kirista da Musulmi. Ba baƙi ba ne a Gusau. Tun 1956 sistocin ɗariƙar Dominikan suka zo garin nan daga jihar Kansas ta Amurka, suka kama aikin koyarwa da jinya, har aka samu 'yan ƙasa suka gaje su. Zamfara kuwa tana ƙarƙashin ikon Bishop na Sakkwato ne, Matthew Hassan Kukah, wanda ke riƙe da kujerar tun 2011. Irin waɗannan makarantu an san su da tsari da horo da sa ido. Akwai fada, akwai sista, akwai taron safe, malami ya san sunan kowane yaro. Wannan jari ne babba a aikin da muke magana, don yaron da duniyarsa ta rikice ba abin da ke kwantar masa da hankali kamar ya san abin da zai faru gobe, da ƙarfe nawa, kuma wa zai tarar a bakin ƙofa.

Sai dai horon nan da ake yabo yana iya zama wuƙa mai baki biyu. Makarantar da sunanta ya dogara kan yawan waɗanda suka ci jarrabawar fita sakandare takan ƙosa da yaron da makinsa ya faɗi. A kira sunansa a taron safe, a ce shi ne kurar baya. A kore shi gida kan kuɗin makaranta a gaban 'yan ajinsu, ba a tambayi ko ubansa na cikin waɗanda aka hana noma bana ba. Ban ce kada a karɓi kuɗi ba, malamai ma albashi suke jira. Amma bashin na uba ne, a yi maganar da uba a ofis, a bar yaro da mutuncinsa. Kuma in 'yan Katolika na neman abin koyi, yana cikin gidansu. Wani fada ɗan Italiya, Don Bosco, wanda ya rasu a 1888, ya tara yaran titi a birnin Turin ya yi musu makaranta. Tsarinsa shi ne malami ya kasance a cikin yara har a filin wasa, ya san su, su san yana ƙaunarsu, ya tare ɓarna tun ba ta auku ba, maimakon ya zauna a ofis yana jiran a yi laifi ya ɗauko bulala. Abin da masana tarbiyya ke wa'azi a kai yau, shi ya yi shi da hannunsa shekaru fiye da ɗari da suka wuce.

Akwai kuma wani wuri mai santsi da ya kamata a taka a hankali. Makarantar addini, ta mishan ce ko Islamiyya, in yaro ya zo da damuwa, abin da zai fara zuwa bakin malami shi ne nasiha da addu'a. Madalla. Amma yaron da ya buɗe maka cikinsa a lokacin rauni amana ce a hannunka. In ɗan Musulmi ne a makarantar Katolika, a taimake shi da abin da ya sani, a sa iyayensa ciki, in ana bukatar malamin addini a nemo nasa. In ɗan Kirista ne a makarantar da Musulmi suka fi yawa, haka. Ranar da iyaye suka fara zargin ɗakin ba da shawara wurin sauya wa yara addini ne, ranar ɗakin ya mutu, kuma yaran ne suka yi asara.

Addinan nan biyu ba wanda ya ce baƙin ciki rashin imani ne. Musulmi da Kirista duk sun san labarin Annabi Yaƙubu, yadda ya yi ta kukan rabuwa da ɗansa Yusufu shekara da shekaru, bai kuwa fita daga sahun bayin Allah na gari ba. A tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. To don me za mu ce wa yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda aka kashe mahaifinta a gona, ta daina kuka, kukan rashin tawakkali ne? "Yi haƙuri" magana ce mai kyau, amma mu duba lokacin da muke faɗinta. Sau da yawa muna faɗinta ne don a rufe zancen, mu huta. Haka "namiji ba ya kuka". Yana yi, sai dai in ka hana shi yi da ido ya yi da hannu a jikin ƙanensa, ko ya nemi abin da zai sa shi barci.

A nan ne maganar ƙwaya ke shigowa. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma tiramol da 'yan'uwansa ba su bar unguwanninmu ba. Ba kowane yaron da ya faɗa shaye-shaye lalacewa ce ta kai shi ba. Wani barci yake nema, wani so yake hoton da ke dawo masa a ido ya gushe ko na awa biyu ne. Makaranta ta kama shi ta kore shi, ta wanke sunanta, ta miƙa shi ga waɗanda suka sayar masa. Kafin a rubuta takardar kora, a zauna da shi a tambaye shi yaushe ya fara, me ya faru a watan.

To me malami zai yi, shi da ba likita ba? Abu na farko ba ya cin ko kwabo: ya lura. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ka ga yaro ya sauya, kada ka tsare shi a gaban aji. Nemi lokacin da ba idon jama'a, amma a wurin da ake hango ku, musamman in yarinya ce, gara ma malama ta yi. Ka ce: "Na ga kwana biyu ba ka da walwala, lafiya dai?" In ya ce lafiya lau, kada ka matsa. Ka ce ƙofarka a buɗe take. Wani sai a karo na uku zai yi magana. In ya fara, ka yi shiru ka saurara. Mu malamai wannan ne ya fi mana wuya, mun saba mu ne masu magana. Kada ka katse shi da labarin wahalar da kai ka sha kana yaro. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga uku.

Kada kuma a tilasta wa yaro ya ba da labarin abin da ya gani. Wannan kuskure muna yawan yinsa da kyakkyawar niyya. Yarinya ta dawo daga daji, 'yan jarida su sa mata abin magana a baki, mu ma 'yan rediyo ba mu fita ba. 'Yan barka su cika gida, kowa ya zo sai ta maimaita masa daga farko. A makaranta a tsayar da ita ta ba da shaida a taron addu'a. Kowace maimaitawa tana iya zama kamar an mayar da ita can. Masana sun daina ba da shawarar a zaunar da wanda ya firgita a sa shi ya zayyana komai nan take. In ta so faɗa, a saurara. In ba ta so ba, a bar ta. Sannan tambayar nan da ake yi wa 'yan mata a kaikaice, ko an taɓa su, da raɗe-raɗin da ke biyo baya a bakin rijiya da gidan biki, wallahi wani lokaci sun fi zaman dajin ciwo. In akwai abin da ya faru, maganar ma'aikaciyar lafiya ce da uwa, a asirce, kuma da wuri, don akwai magungunan kariya da ke aiki a cikin kwana uku na farko kawai. Laifin na wanda ya yi ne. Cire ta daga makaranta a yi mata aure cikin gaggawa don a rufe bakin mutane ba ya warkar da komai.

Abin da yaro ya gaya maka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada ya zama abin hira a ɗakin malamai. Amma kada ka yi masa alkawarin ba wanda zai ji har abada, don in ransa na cikin haɗari, ko wani na cutar da shi, dole ka nemi taimako. Gaya masa haka tun farko, kuma ka gaya masa wanda za ka sanar.

A cikin aji akwai ƙananan dabaru. Wanda ke firgita a bar shi ya zauna inda yake ganin ƙofa. In abin ya taso masa, a sassauta murya, a kira sunansa, a gaya masa inda yake, a sa shi ya ja numfashi ta hanci a hankali ya sake shi a hankali, ya taka ƙasa da ƙafafunsa ya ji ta. In za a gwada wa yara yadda za su yi in an kawo hari, a sanar da su tun jiya cewa gwaji ne, kada a buga ƙararrawa ba zato a ce ana auna su. Kada a soke wasanni don a ƙara darasi. Ƙwallo da langa da gaɗa da zane, a wajen yaro magani ne. Kuma a sa ido kan tsokana. Zan faɗi wannan ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba: ɗan Fulanin da ke ajinka, wanda yara ke kira ɗan bindiga suna dariya, mai yiwuwa shi ma an kore shanun gidansu, an kashe nasa. Malamin da ya ji ya yi shiru ya sa hannu.

Sai maganar iska. Kowa ya san yadda a makarantun 'yan mata wata kan faɗi tana ihu, kafin a jima biyar sun bi ta, a ce aljanu sun shigo. Ba zan yi gardamar gaibu da kowa a rediyo ba. Abin da na sani shi ne tsoro na yaɗuwa tsakanin mutanen da ke cikin matsi ɗaya, kamar yadda hamma ke yaɗuwa, kuma taruwa a kan yarinya ana ihu yana ƙara abin ne. A janye ta zuwa wuri mai shiru, a sallami 'yan kallo. A yi addu'a, a yi ruƙiyya in iyaye sun so, fada ya yi nasa in 'yar coci ce, amma ban da duka, ban da ɗauri, ban da turara hayaƙi a fuska. Kuma a kai ta asibiti, don farfaɗiya ma haka take kama wasu, ita kuwa tana da magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Yaushe ne abin ya wuce hannun malami da iyaye? Yawancin yara, in sun samu kwanciyar hankali da kulawa, firgicin na raguwa cikin 'yan makonni. In an wuce wata guda yaro bai daina mugayen mafarkai da zabura ba, har abin ya hana shi karatu, a nemi likita. In ya yi mako biyu cikin ƙunci, ba ci, ba barci, ba abin da ke ba shi sha'awa, a nemi likita. In yana jin muryoyi ko yana maganar da ba kai, a nemi likita. In kuwa ya ce ya gaji da duniya, gara ya mutu, wannan ba a kwana da ita. Kada a ce neman a kula shi yake yi. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin feshi da na ɓera da sauran magunguna, a tafi asibiti a ranar. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Na Tsafe da Bungudu su fara da babban asibitin da ke kusa, a tura su gaba in ya kama. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya kuma yana Kware, kusa da Sakkwato. Zuwa Kware ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa wajen mai ɗori ba abin kunya ba ne.

A Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. A ƙarshen 2023 gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Zamfara. Gyaran azuzuwa da katanga abu ne mai kyau. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. In muka ce sai kowace makaranta ta samu ƙwararre, yaran nan za su tsufa suna jira. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, da ya ga irin wannan ƙaranci, sai ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suka riƙa zama a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka auna, aka ga abin na aiki. A nan gida ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta tun 1954, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. Mu da muke da iyaye mata a ƙungiyoyin coci da na Islamiyya, da malaman da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida, me zai hana a zaɓi biyu ko uku a kowace makaranta a ba su horo na 'yan kwanaki? Malamin ba da shawara da ake da shi a takarda, wanda aka ɗora wa darussa har ba ya da lokacin zama da yaro ko ɗaya, a rage masa kaya, a ba shi ɗaki mai ƙofa.

Kada kuma a manta da malamin kansa. Shi ma hanyar nan yake bi, shi ma an ɗauki nasa, shi ma yana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Wani zafin hannun da muke gani a aji daga nan yake. Hedimasta, firinsifal, fada mai kula da makaranta, ku riƙa tambayar malamanku yadda suka kwana, tambaya ta gaske, ba ta gaisuwa ba.

Lokaci ya yi mana halinsa. Roƙona ga malamai, gobe in kun shiga aji ku duba yaro ɗaya da ya sauya muku a zangon nan, ku neme shi kafin a tashi. Iyaye kuma, Baba da Inna, yau da daddare bayan an ci tuwo, a ajiye waya da rediyon nan, a kira yaro a tambaye shi yadda yake barci. In kun ji abin da ya fi ƙarfinku, ku je makaranta ku gaya wa malaminsa, ku je asibiti. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba Zamfara lafiya.